Ƙwan Ɗan-fitila da Zaren Gwaggo Tabawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa bisa ruwa, ya ɓoye abin da ya ɓoye a ƙarƙashi, ya kuma bar wa bawa harshe don ya faɗi laifinsa da bakinsa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Barmo, wanda mutanen garinmu, Tudun Gwanja, suke kira Wargi. Karatuna ɗan kaɗan ne. In kun ga alƙalamina yana ɗingishi ku yi haƙuri, da shi da mai shi tafiyarsu ɗaya.

Na kai shekara arba'in da biyar ba ni da sana'ar da ta wuce goge duwatsun ado, tsakiya da murjani, sai kuwa tsokana. Ni na ɗinke wa Sarkin Kasuwa ƙafafun wando yana gyangyaɗi a rumfa. Ni na shafa wa akuyar mai unguwa lalle har gemu. Wata rana wani matafiyi ya sauka garinmu, ya ce kowa ya faɗi abin da ya sani. Maƙeri ya faɗi nasa, manomi ya faɗi nasa. Da aka zo kaina sai wani ya ce, "Wannan ai dariya ya sani." Aka kwashe da dariyar, ni ma na taya su, amma abin ya tsaya mini a rai. Kwana uku bayan haka na ɗaure ƙunshina, na ce ba zan dawo ba sai da sanin da babu mai shi a Tudun Gwanja.

Na yi wata bakwai ina tafiya har na isa Kwarin Iska, ƙasar da iskarta take ɗaukar mutum kamar kara. Kowa a can yana yawo da dutse ɗaure a kowace ƙafa, baƙo ma a ƙofar gari ake ɗaura masa nasa. Na yi niyyar kama kaina, Allah ya sani. Amma da na ga hakimin garin ya kwance duwatsunsa a cikin zaure zai wanke ƙafa, sai na ga hannuna ya musanya su da wasu goruna biyu da na shafa wa toka. Bawan Allah yana fitowa iska ta ɗauke shi, ta rataye shi a kan rimi, rawani yana bin sa a baya. Da jama'a suka taso mini da sanduna, na kwance nawa duwatsun, na buɗe babbar rigata, iska ta yi gaba da ni. Yini guda ina lilo a sama kafin ta gaji ta yar da ni a cikin teku, kusa da jirgin wasu masunta. Su suka tsamo ni, suka kai ni tsibirinsu, Kandarma.

A Kandarma babu gona, babu kiwo. Rayuwarsu duka tana kan kifi ɗaya, ɗan-fitila, mai ɗigon haske jere a cikinsa, wanda yake zaune can ƙasan teku inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Namansa ne abincinsu, mansa ne haskensu. A tsakiyar tsibirin akwai wata rijiya marar gindi, ta huda ƙasa har ta haɗu da zurfin teku. Sau ɗaya a shekara, a watan da suke kira Tunkuɗa, ruwan ƙasa yakan taso ta cikinta da ƙarfi, ya yi awon gaba da ƙwan da kifayen suka zuba, ya amayo shi a bakin rijiyar. Kowane ƙwai ya kai girman goruba. Amma iri biyu ne a cakuɗe: na ɗan-fitila, da na maƙiyinsa haɗiyau, ƙaton kifin da ba ya tauna, haɗiya kawai yake. A ido launinsu ɗaya, sai hannu ke raba su. Na haɗiyau sumul yake, shi ake dafawa a cinye. Na ɗan-fitila shi ake mayarwa teku.

Mai wannan rabo tsohuwa ce makauniya, Gwaggo Tabawa, kuma a gidanta aka sauke ni. A wuyan hannunta na dama akwai shuɗin zare, alamar aikinta, shekara talatin da ɗaya yana nan. Al'adarsu ita ce, ranar da hannun mai rabo ya yi kuskure, a tsinke zaren a gaban jama'a, a mayar da ita bayan gari, kada ta sake taɓa ƙwai har ta mutu.

Ranar farko ta Tunkuɗa ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙwai ɗaya.

"Ɗan nan, me ka ji?"

"Gwaggo, na ji ƙwan da ya yi fama da ƙyanda."

"Kai dai bakinka ba ya azumi. Sake shafawa."

Na shafa a hankali. Jikinsa duk ƙananan ɗakuna ne masu kusurwa shida, kowanne da 'yar katangarsa a tsaye, kamar saƙar zuma.

"Wannan rigarsa ce," in ji ta. "Ƙwan nan bai kai ruwa nauyi ba, kullum sama yake nema. In muka sake shi a ƙasa, ruwa yakan shiga ɗakunan nan ya yi ta juyawa, ya riƙe shi kamar uwa ta riƙe rigar yaro a kasuwa. Kwana tara yake yi yana hawa. A na tara yakan kai tsakiya, inda haske yake kamar magariba, babu zafin rana, babu tsuntsu, ga ɗan abin da jariri zai ci. Nan yake ƙyanƙyashewa."

Na ce, "To." Amma a raina cewa na yi tatsuniyar tsofaffi ce. Ni magogi ne, a wurina duk abin da yake da kaushi aikin da ba a gama ba ne. Ga sanin da na bar gida ina nema an danƙa mini a tafin hannu, ni kuwa ina tunanin yadda zai yi ƙyalli in ya sha guga.

Kwana shida tana rabo, na ɗan-fitila ya cika babban kwando. A rana ta shida bayan azahar ta rufe kwandon, ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Tsakar gida ta yi tsit. A jikin bango ga wata busasshiyar fatar kifi mai kaushi, wadda suke goge jirage da ita. Sai shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, ko kuwa ni na je na zauna kusa da shi, don kada in yi masa ƙazafi. Na ce bari in goge ƙwan nan sumul, gobe in ta sa hannu ta ji babu saƙa ta yi ta salati tana cewa an yi mata sata, ni kuma in fito in ce, "Gwaggo, na yi musu wanka ne." Iyakar abin da na nufa ke nan.

Hannuna yana da sauri a wannan aiki. Kafin la'asar ta yi sanyi na gama da su tas, na mayar da murfi yadda na same shi. Fatar ta cinye mini kan yatsu har suka yi santsi.

Abin da ban sani ba, kwandon da mai rabo ta rufe ba a sake buɗe shi. Da safe Magaji Kurfau, shugaban masu jirgi, dogo mai gajeren haƙuri, ya zo da mutanensa suka ɗauka. Ina tsaye bakina a buɗe. A nan ya kamata in yi magana. Na dubi Magaji, na dubi faɗin kafaɗarsa, na ce wa kaina ai ƙwai ƙwai ne, da riga da ba riga. Har jirgin na shiga tare da su.

Yadda suke yi, sukan ɗaura wa kwandon duwatsu, su manne murfinsa da curin gishiri. Kafin ya kai ƙasa gishirin ya narke, murfi ya buɗe. Aka saki kwando, aka yi addu'a, aka zauna cin guzuri. Ba mu gama ci ba sai wani ya nuna ruwa. Ƙwai ɗaya ya ɓullo yana ƙyalli. Sai goma. Sai ɗaruruwa, suna tsalle a kan ruwa kamar gurjiya a kasko. Tafiyar kwana tara sun yi ta kafin a ɗauke akushi. Waɗansu suna fitowa suna fashewa. Sauran kuwa tsuntsayen teku suka sauko musu, sama ta yi baƙi da fukafukai, cikin ɗan lokaci babu ko ɗaya.

Magaji ya kamo guda a hannu, ya juya shi. "Sumul," in ji shi. "Na haɗiyau ta ba mu. Namu kuwa mun dafa mun cinye."

Muka juya muka koma gaɓa.

Da yamma aka tara gari a bakin rijiya. Aka kawo Gwaggo Tabawa, aka faɗa mata abin da aka gani. Ta ce, "Hannuna bai faɗa mini haka ba." Magaji ya ce, "Gwaggo, hannu ma yana tsufa." Ta miƙa masa hannun. Ya sa wuƙa ya tsinke zaren, ya faɗi a ƙasa. Wurin da zaren ya zauna a hannunta ya yi fari, ya fi sauran fatar haske. Ina cikin taron, a sahu na biyu, na cusa yatsuna a hammata.

Ni na kai mata tabarmarta bukkar bayan gari. Ni nake ɗebo mata ruwa, in miƙa mata ƙwarya ta karɓa ta ce, "Sannu, ɗan nan, Allah ya yi albarka." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ga yadda yatsunta suke shafa bakin ƙwarya, suna shafa tabarma, suna neman aikin da aka raba su da shi. A cikin gari an fara rage man fitila, mata suna lissafin busasshen kifin da zai kai su baɗi. Kwana uku abinci yana shiga bakina kamar yashi.

A rana ta huɗu na tafi wurin da masu jirgi suke gyaran koma, na tsaya gaban Magaji na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Ƙwan ɗan-fitila ne ta zaɓa, ni na goge masa jiki."

Sai wani ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Labarin hakimin Kwarin Iska ya riga ya zaga gari, ni da kaina na baza shi.

"Wargi, yau ba ranar wasa ba ce," in ji Magaji.

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar da ka gaya mana ka yi hira da gajimare. Tsohuwa ta ciyar da kai, kana son ka saka mata, mun gane. Amma wa ya taɓa jin guga ta sa ƙwai gudu? Jeka ka huta."

Na rantse har sau uku, suna ƙara dariya. Wani tsoho yana share hawaye yana cewa, "Kai, mutumin nan ko a gidan makoki." Shekara arba'in da biyar ina ƙarya ana yarda, ranar da na faɗi gaskiya aka rasa mai saye.

Sai na tambaya ko akwai hanyar da ake karɓar maganar wanda aka ƙaryata. Dariya ta tsaya. Magaji ya ce akwai, Katantanwar Rantsuwa. Wani ƙwanson katantanwa ne mai girman rumbu, garai-garai kamar ƙarau. Akan sa mutum ciki da damin ciyawar teku mai ba da numfashi na yini ɗaya, a toshe bakin da danƙo, a ɗaura duwatsu da curin gishiri, a sake shi. In ya dawo da rai, maganarsa ta zama gaskiya.

"Mutum nawa suka dawo?"

"Duka suna dawowa," in ji Magaji. "Da duwatsu sun saki, katantanwa takan taso kamar kibiya, ta yi sama tsayin giginya uku, ta faɗo ta tarwatse. Sai mu tsince su. Uku aka yi a zamanina, katantanwa ɗaya ta rage."

Na ce a ba ni ita, da kwana biyar in yi mata riga, don ba na son in gamu da Ubangijina cikin abin hawa tsirara. Suka ce al'ada ba ta hana ba.

Na mirgina ta har bukkar Gwaggo, na tara igiyar kaba mai kauri, na durƙusa na faɗa mata kome. Na jira ta yi kuka ko ta ɗaga sanda. Sai ta ce, "Miƙo igiyar." Kwana biyar tana saƙa, ni ina ja ina ɗaurewa. Ba ta auna kome ba, yatsunta sun haddace. Ɗaki mai kusurwa shida, katanga kamu ɗaya a tsaye, ɗaki na bin ɗaki, har katantanwa ta koma ƙaton ƙwan ɗan-fitila. In na yi sake ta buge mini hannu. "Ja da kyau, magogi. Wannan ba murjanin amarya ba ne."

Da hantsi aka sake ni. Ruwa ya tashi daga kore ya koma shuɗi, shuɗin ya yi ta tsufa har ya mutu. Daga nan sai duhun da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba, da sanyi mai shiga ƙashi. Katantanwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Can sai na ga taurari a ƙarƙashina. Na ce shi ke nan, na juye. Ashe garken ɗan-fitila ne, dubbai, suna tafe a jere kamar gari ya tashi da fitilunsa. Na ga wani abu kamar laima yana numfashi da shuɗin haske. Na ga kifi mai rataye da 'yar fitila a gaban bakinsa, haƙora kamar ƙaya. Na karanta duk abin da na haddace, da ya ƙare na koma farko, don ba shi da yawa.

Sai na ji gishiri ya saki, duwatsu suka tafi. Katantanwa ta zabura za ta yi sama. Amma sai ta yi turjiya. A hasken kifayen na ga ruwa yana shiga ɗakunan kaba, yana juyawa a kowanne kamar ana dama fura, yana ja da baya. Muka kama hawa a hankali, tafiyar raƙumin da ya ƙoshi.

A gefena ga waɗansu 'yan ƙwai, na kifayen da suka makara ba su zuba ba sai bayan Tunkuɗa. Ba su fi a ƙirga ba. Kowanne sanye da rigarsa, yana juyi a natse, har na wuce su. A cikin ɗaya na ga idanu biyu baƙaƙe da ɗigon haske da bai kai ƙwayar gero ba. Irinsu na goge cike da kwando, ina murmushi.

Ina cikin wannan sai duhu ya buɗe baki. Haɗiyau ne, ya ga ƙwan da bai taɓa ganin mai girmansa ba. Kafin in ce wani abu ina cikin maƙogwaronsa. Da katantanwar sumul take, da yanzu wani ne yake ba ku labarina. Amma katangun kaba suka kafe masa a wuya, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ya yi ta murɗawa. Da na ga haka na kwanta da baya na dinga dukan bango da ƙafa biyu, ina jijjiga ta, kaba tana sosa masa inda ba ya so. Sana'ata ce, na san inda ake taɓa mutum ya rasa haƙuri. Ya yi wani irin tari, ya furzar da ni, ya juya ya tafi yana girgiza kai.

Na ratsa wurin da Gwaggo ta ce, mai haske kamar magariba. Yana nan yadda ta faɗa, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. 'Yan jarirai kamar allurai suna ta kiwo a ciki. Ciyawar numfashi ta fara yin baƙi, kaina yana sarawa, amma ba yadda zan yi in ƙara sauri, kuma ban so ba.

Rana tana gab da faɗuwa katantanwa ta ɓullo, a hankali, ko fantsama ba ta yi ba. Jirage suna nesa, sun ja baya suna jiran abin da zai faɗo daga sama. Magaji da kansa ya fasa danƙon. Ya dube ni, ya dubi saƙar, ya daɗe yana shafa ta.

"Maganarka ta tabbata," in ji shi. "Kai ne ka kashe mana shekara."

Ban taɓa jin wanda ya sha irin wannan wuya don a yarda shi ne mai laifi ba. Babu wanda ya yi dariya.

Washegari aka koma bakin rijiya. Wata mata ta fito da shuɗin zaren, ashe ta tsince shi ta adana. Zaren da aka tsinke ba ya komawa yadda yake, sai da ƙulli. Magaji ya durƙusa ya nemi gafarar Gwaggo, zai ɗaura, ta ce a'a, a ba baƙonta. Na durƙusa na ƙulla. Sai ta kama kan yatsuna ta murza, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Sun fara warkewa. Ranar da ka kai ni bukka ka miƙo mini ruwa, kamar cikin ƙwarya suke."

"Gwaggo, tun ran nan kin sani?"

"Makauniya ce ni, ɗan nan, ba gawa ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da daga bakina ta fito, a ranar za su jefa ka teku, ba katantanwa ba riga. Kuma a gidana ka ci abinci." Ta gyara zaman ƙullin da babban yatsa. "Kwana uku dai ka bar ni. Na ƙirga."

Hukuncin da aka yanke mini shi ne in zauna in ci shekarar da na shuka. Na ci ta. 'Yan ƙwan da suka makara su suka hana iri ƙarewa, amma kamun baɗi bai kai rabin rabi ba. Gari ya koma cin ciyawar teku da ƙananan kaguwa, fitila ɗaya ake kunnawa a unguwa. Na ga yara sun rame, iyayensu suna gaishe ni in mun haɗu a hanya, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya. Ni na riƙa ɗaukar wa Gwaggo kwando a Tunkuɗa biyu da suka biyo, kuma duk lokacin da ta rufe shi sai ta ce, "Nomau, zauna a kan hannuwanka." In zauna a kansu, jama'a suna kallo.

Da na dawo Tudun Gwanja aka taru aka ce, "Wargi, ina sanin da ka tafi nema?" Na ba su labarin ƙwan da rigarsa, da kwana tara, da wuri mai hasken magariba. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce wannan ta fi ta akuyar mai unguwa. Ban yi musu rantsuwa ba, babu katantanwa a garinmu. Shi ya sa na rubuta, ko takarda za ta fi ni sa'a.

Nan alƙalamin Nomau ya tsaya. Wanda ya karanta ya yi wa Gwaggo Tabawa addu'a, in ta yi saura ya sammini.